Shekarar da Muka Nema wa Sunayenmu Ƙafiya a Turanci

Mu da muka shiga kwalejin horon malamai mata a 1976, shekarar da gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙaddamar da shirin firamare kyauta na UPE, mun sha Turanci daga bakuna iri-iri. Makarantu sun yawaita dare ɗaya, malamai ba su kai ba, kuɗin mai kuwa ga shi a hannu, sai gwamnati ta yi ta ɗebo malamai daga duk inda ta samu. A kwalejinmu, can cikin tsohuwar Jihar Kano, Ba'indiye ke koya mana kimiyya, 'yar Filifin ke riƙe da ɗinki da girki, mutumin Ghana ke da lissafi, ga 'yan bautar ƙasa daga Kudu da ake sauya mana kowace shekara. Kowa da yadda harshensa ke murɗa kalma. Ba mu taɓa tambayar wanne ne na gaskiya ba. Duk wanda ya shigo aji kunnenmu ya bi shi, in ya fita mu koma namu.

Darasin Turanci kansa mata biyu suka raba shi. Mai koya mana adabi dattijuwa ce daga kudancin Ingila, kusa da Landan, ta zo a kan kwantiragi, muna ce mata Madam Babba. Mai nahawu da furuci budurwa ce 'yar Kanada da ƙungiyar CUSO ta turo, ba ta ba mu shekaru da yawa ba, ita ce Madam Ƙarama. Gida ɗaya suke, babur ɗaya suke hawa zuwa kasuwa, ba wanda ya taɓa jin kansu. Sunayenmu ne suka fara shiga tsakaninsu.

A farkon 1981, muna ajin ƙarshe, Madam Babba ta ce mujallar yaye ta bana ba za ta cika da dogayen insha'i a kan amfanin ilimin mata ba. Kowace ɗaliba za a yi mata 'yar waƙa da sunanta. Ta gaya mana Turawa suna da wata waƙar barkwanci mai ɗango huɗu da ake kira "clerihew", sunan tsakiya ne na wanda ya ƙago ta, Edmund Clerihew Bentley. Yana ɗan makaranta a St Paul's ta Landan ya fara ta, ya kuma fitar da littafin farko a 1905, abokinsa G. K. Chesterton ya yi masa zane-zane. Dokar ba ta da yawa: ɗango na farko ya ƙare da sunan mutum, na biyu ya amsa masa, na uku da na huɗu su amsa wa juna, tsawon ɗango kuwa ba ruwan kowa. Wadda Bentley ya fara yi a kan masanin kimiyya Humphry Davy ce, inda ya haɗa Davy da "gravy", romon nama. Aka rubuta sunayenmu a guntayen takardu, aka zuba a kwanon sha, kowa ta ɗauki ɗaya. Ni aka ba rajistar tattarawa saboda rubutuna yana karantuwa, shi ya sa kusan duk abin da aka rubuta ya bi ta hannuna.

Mun raina aikin. Mu da muka tashi muna jin makafi na rera Imfiraji a ƙofar gida, muka haddace Mu'azu Haɗeja da Sa'adu Zungur da Aƙilu Aliyu a ajin Hausa, mu za a koya wa amsa-amo? A wurinmu magana a fili take. Gaɓar ƙarshe ita ce ƙafiya: in waƙa ta kama da "na", kowane baiti ya sauka a kan "na". Don haka washegari Amina ta sami "China" da "Ghana" da "banana", Hauwa ta sami "Ottawa", wadda aka zaɓa musamman don a faranta wa Madam Ƙarama.

Ba ko ɗaya da ta tsira daga jan biro. Madam Babba ta tsaya a gaban allo tana buga tebur da alli a kan gaɓar da Bature ke dannawa. Ta ce kowace kalmar Turanci tana da gaɓa guda da murya ke sauka a kanta da ƙarfi, kuma ƙafiya daga wasalin wannan gaɓar take farawa, ta tafi har ƙarshen kalma. A bakinta Amina tana da nauyi a tsakiya, saboda haka abin da ake nema shi ne "ina" gaba ɗaya. "China" tana ƙarewa da "aina", "Ghana" da "ana", ba su yi ba. Mu da harshenmu ke tafiya da hawa da saukar murya da tsawon wasali, wannan dannawar ba mu saba kasa mata kunne ba. Sa'ar da wasunmu suka ci ita ce, sunaye irin su Amina da Halima da Hadiza da Jamila suna da dogon wasali a tsakiya, daidai inda Baturiya ke son ta danna.

Sai wadda ta ɗauki sunan Halima ta zo da murna, ta tono "Lima", babban birnin Peru, daga taswirar ajin labarin ƙasa. A kunnen Bahaushe ba a fi wannan ba: baƙi ɗaya, wasali ɗaya, gaɓa biyu cur. Madam Babba ta ce wannan ma ba ta yi ba, maimaici ne. Dole baƙin da ke gaban wasalin nan mai nauyi ya bambanta. Nan fa aji ya ɗauki hayaniya. Baƙin da mawaƙinmu ke riƙewa tun daga baitin farko har na ƙarshe, wanda in ya sake shi a ce ya karya waƙa, shi ne Bature ke cewa sai an sauya. Har yau ina ganin wannan ita ce babbar katangar da ke tsakanin kunnuwan biyu, kuma malaman Turanci da yawa suna wuce ta ba su faɗa wa yara ba.

Da ta ga mun cije, sai ta aro mana littafi daga laburaren British Council da ke kusa da fadar Sarkin Kano: ƙamusun ƙafiya na John Walker, wanda aka fara bugawa a 1775 ake ta sake bugawa. An jera kalmominsa ne daga harafin ƙarshe zuwa na farko, don haka duk kalmar da ta ƙare da "a" tana shafukan farko. Da yake yawancin sunayenmu da "a" suka ƙare, shafukan nan kaɗai muka damƙa, har suka yi baƙi da man shafawa, sauran littafin yana nan fes. Abin da muka samu bai taka kara ya karya ba. Turanci ba ya son ƙare kalma da "a", 'yan kaɗan ɗin da ke akwai ma yawancinsu aro ne daga Latin da Girkanci da Italiyanci. Amina ta sami "arena" da "hyena". Habiba ta sami "amoeba", ita ma ajin Ba'indiye ne ya fara tuna mana da ita. Kuma jerin Walker na ido ne: "cough" da "though" da "rough" da "through" suna maƙwabtaka a shafi, alhali ba biyu a cikinsu da ke amsa wa juna a baki.

Abin da littafi ya kasa, sanyi ya yi. Wata safiya hazo ya rufe gari, muna ƙudundune cikin mayafai, Madam Babba ta shigo da rigar sanyi tana yi mana dariya, wai wannan ne muke kira sanyi, mu je ƙasarsu mu ga "winter". Daga bayan aji wata ta ce, "Binta!" Madam ta tsaya, ta maimaita kalmomin biyu a hankali, ta ce wa ya faɗa. A bakinta harafin "r" na ƙarshen kalma ba ya fita, abin da ke fita "winta" ne. Ashe taskarmu tana can cikin sashen "r", inda ba mu taɓa buɗewa ba. Kafin a tashi firef na daren nan rajistata ta cika. Binta ta ƙara da "printer" da "sprinter". Hauwa ta kwashi "flower" da "power" da "tower" da "shower". Halima ta sami "dreamer", Jamila "healer", Hadiza "freezer" da "Caesar", wanda muka sani daga wasan Shakespeare. Ladi, da muka yi ta ƙoƙarin liƙa mata "lady" saboda kamar rubutu, ta sami "hardy", Lami ta sami "army". Neman ƙafiyar suna neman murfi ne ga kwanon da aka saya ba murfi: sai an kifa a ga ko ya zauna, kallo daga nesa ba ya gaya maka.

Madam Ƙarama ce ke duba rubutu kafin a buga a sitensil. Ta karɓi rajista da yamma, da safe ta dawo da ita ja wur. Ta ce ba ko ɗaya a cikin waɗannan da ya amsa. Ba ƙeta ta yi ba. A bakinta, da bakin yawancin mutanen Kanada da Amurka, "r" ɗin nan yana nan daram, har harshe ya naɗe a kansa. Ta faɗi "winter" ta faɗi Binta, mu da kanmu muka ji sun rabu.

Gardamar ta koma ɗakin malamai, mu kuma muka sami dalilin kai littattafan aiki da ba a tambaye mu ba. Aka kira malamin lissafi ya faɗi kalmar, ya ce "winta", ya fi Madam Babba ma buɗe wasalin. Aka kira Ba'indiye, ya kaɗa ɗan ƙaramin "r" a ƙarshe, ya ce shi dai a bar shi da ƙwayoyin halittarsa. Aka ɗauko ƙamusun Hornby, wanda duk ɗalibar Turanci ta sani, aka buɗe. A wurin furuci an rubuta "r" ɗin, amma an sa shi cikin baka biyu. Madam Ƙarama ta ce ga shi nan an rubuta. Madam Babba ta ce ga shi nan an killace. Ma'anar bakan ita ce, mutumin kudancin Ingila yana furta harafin ne kawai idan kalmar da ke biye ta fara da wasali, amma a ranar ba mai neman ma'ana.

Madam Babba ta kawo hujja daga John Keats, wanda muke karanta waƙoƙinsa. Ta ce a littafinsa na 1817 ya haɗa sunan Thalia, ɗaya daga cikin aljanun fasaha na Girkawa, da kalmar "higher", daidai irin abin da muka yi wa Hauwa. Madam Ƙarama ta ce ai kuwa an yi masa dariya, mujallar Blackwood's ta yi masa kaca-kaca a 1818, ta kira ƙafiyoyinsa na talakawan Landan. Madam Babba ta ce ina aka buga mujallar? A Edinbara, garin mutanen Sikotlan, waɗanda ke kaɗa "r" fiye da kowa. Wato rigimar da muka tayar a wani lungu na Jihar Kano ta girmi kakannin kakanninmu.

Shugabar makaranta, Bahaushiya ce mai ƙarancin magana, ita ta raba. Ta tambaya wa zai karanta waƙoƙin a ranar taro. Aka ce ɗalibai. Ta sa aka kira mu uku daga bakin taga, inda ta san muna laɓe, ta ce mu faɗi kalmomin. Muka ce "winta", muka ce "filawa". Ta ce to, bakin da zai karanta shi ke da hukunci, a buga. Na daɗe ina koyarwa bayan nan, ban ji wanda ya taƙaita maganar fiye da haka ba. Madam Ƙarama ta karɓa, sai dai ta roƙi a sa ɗan rubutu a ƙasan shafin farko cewa a karanta da lafazin Landan ko na Kano. An sa.

Da a nan abin ya tsaya, da wasa ne kawai. Amma ƙafiya ba ta tambayar halin mutum kafin ta liƙa masa kalma. Wadda ta ɗauki sunan Amina ta duba "arena" ta duba "hyena", ta ga ta biyun ta fi ban dariya, ta rubuta cewa Amina tana dariya irin ta kura. Madam Babba ta ba ta maki mai kyau, don a wurinta kura dabba ce mai dariya, shi ke nan. Ba ta san kurar tatsuniyarmu ba, mai haɗama, matsoraciya, wadda gizo ke wasa da hankalinta, wadda ba a ba ta ajiyar nama. Kafin takardar ta iso hannuna labari ya zaga ɗakunan kwana. A layin abinci 'yan ƙananan aji suka fara kukan kura ƙasa-ƙasa in Amina ta miƙa kwano. Yarinya ce mai fara'a, gwanar gudu, ba ta taɓa ɗaukar ko allurar wani ba. Ta daina zuwa ɗakin cin abinci, ƙawaye ke kawo mata. Ita kuwa Hadiza da farko ta ji daɗin "freezer", don tun bayan kuɗin Udoji na 1975 firiza alamar gidan masu hali ce. Sai da ta ga sunan ya bi ta har filin wasa, kowa Firiza, Firiza, sannan ta gane ba ita ke riƙe da shi ba.

Maganar ta kai kunnen malamin Arabiyya, dattijo ne da ya fito daga Makarantar Koyon Larabci ta Kano. Ya zo ɗakin malamai da kansa, ya ce in tsaya in yi tafinta, ko da yake na san yana jin Turancin. Ya ce in gaya wa Madam shi ba maƙiyin ƙafiya ba ne. Shi da ya haddace Ishiriniya, wadda aka bi haruffan Larabci ɗaya bayan ɗaya ana ɗora ƙafiya a kansu, ya kuma karanta ilimin aruli da Halilu ɗan Ahmadu na Basra ya tsara, ba zai ƙi gwaninta ba a kowane harshe. Amma sunayen nan da ake wasa da su suna da masu su. Amina mahaifiyar Manzon Allah ce, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Hadiza matarsa ce ta farko. Ba a raɗa wa yarinya irin wannan suna da rago don a jera shi da kura ko akwatin ƙanƙara. Madam Babba ta yi ja har kunnuwa, ta ce ba ta sani ba. Ya ce ya san ba ta sani ba, shi ya sa ya zo da ƙafarsa bai aika ba.

Sannan ya juyo gare ni. "Ke 'yar nan, ku da kuka sani fa? Wace A'isha ce ba Indo ba? Wace Maryam ce ba Mairo ba? In wasa za ku yi, ga riga ta wasa, ku bar ta Salla a adaka." Sharaɗinsa biyu ne: sunan yanka ya tafi da kalmar kirki kaɗai, barkwanci kuwa a yi shi da laƙabi.

Ba ya neman taimaka wa waƙa, amma shawararsa ce ta ceto rabin aji. Sunayen da suka gagare mu tun farko su ne Maryam da A'isha da Zainab, ba abin da Walker ko kunne ya ba su. Da aka koma ga laƙabi sai ƙofa ta buɗe. Mairo ta sami "Cairo" da "biro", wanda Madam Babba ta ce sunan ɗan ƙasar Hangari ne da ya ƙera shi, László Bíró, ga shi suna ya zama kalma mu kuma muna neman kalma ga suna. Indo ta sami "window", ba ko ƙura a tsakani. Wata Hauwa ta ce ta gaji da fure, kowace Hauwa fure, a kira ta Kulu a ba ta "Honolulu". Zainab ta zama Abu. Muka kawo "bamboo" da "taboo", dokar Lima ta kore su saboda "b" ɗin ɗaya ne, aka tsaya a kan "Timbuktu". Madam Babba ta ce a ƙasarsu in an ambaci garin ana nufin ƙarshen duniya. Malam da ya ji ya ce ƙarshen duniyar wa, garin Ahmadu Baba ne, malamai sun yi ta kai da kawowa tsakaninsa da Kano da Katsina tun kafin a san da Bature a nan. Amina ta koma "arena", aka yi mata waƙar gudu, kuma ta dace da ita. Hadiza ta ƙi Dije, don a lokacin ba mu ga abin da zai amsa masa ba, jikokina ne yanzu suke ce mini ai ga DJ. Ta karɓi "visa", aka yi mata fatan Makka. Firiza dai bai sake ta ba.

Ba kowa ta yi murna ba. A'isharmu 'yar cikin birni ce, ta ce ita ba a taɓa ce mata Indo ba, sunan masu tallan fura ne, ba za a buga shi a takardar da mahaifinta zai karanta ba. Aka yi lallashi aka gaji. A ƙarshe ita kaɗai aka karya wa doka, aka sa sunanta a farkon ɗango, "window" ta tafi a banza. Na ji haushin asarar a lokacin. Yanzu ina ganin gaskiyarta: ita za ta amsa sunan, ba mu ba.

Akwai kuma matan aure a ajinmu, don a shekarun nan ana ɗaukar su saboda ƙarancin malamai. Babbar cikinsu, muna ce mata Yaya, ƙuri'a ta ba ta Hauwa, sunan uwar mijinta. Ta rubuta waƙar lafiya lau, amma ta ce ko za a kore ta ba za ta tsaya gaban jama'a ta kama sunan ba, ga dangin miji za su zo. Madam Ƙarama ta kasa gane yadda mutum zai iya rubuta kalma ya kasa faɗinta. Muka yi mata bayanin alkunya, cewa da yawa daga laƙuban da muke ta murna da su ma daga nan suka samo asali. Ta tambayi Yaya, to a gida me take ce wa yarinya mai wannan suna? Yaya ta sunkuyar da kai ta ce, "Mai-sunan-Inna." Madam Ƙarama ta yi shiru, sannan ta yi dariya ta ce tunda an riga an kayar da ita a kan "r", ga "winner" ga "dinner". Ita da ta ja wa irin kalmomin nan jan layi, ita ta ba da su da bakinta.

Saura masu "tu": Saratu, Talatu, Ramatu, Salamatu. Su ba laƙabin da ya fisshe su. Madam Ƙarama ta lallashe su da cewa Turanci ma yana da marayunsa, "orange" da "silver" da "month" da "purple" ba su da abokin amsawa na sosai a cikin kalmomin yau da kullum. Ta kuma ce akwai dabarar da Byron ya shahara da ita, a haɗa ƙananan kalmomi biyu ko uku su tashi sautin babba guda. Muka gwada muka bari. Saratu ba ta bari ba, ko da yake ba ita ke da alhakin waƙar kanta ba. Ta bi ta bayan gida. Tun tana firamare ake tsokanarta da Saratu mai karatu, don haka ta san abokin sunanta a Hausa. Sai ta tambayi kanta, wane Turanci ne ke fita kamar "karatu"? "Ka" mota ce. "Tu" biyu ce. Saura abin da zai zauna a tsakiya. Ta kwana biyu tana gunguni a bakin famfo, sannan ta kawo mini takarda da kalmomi uku: "car or two".

Na kai wa Madam Babba ba tare da na ce komai ba. Ta karanta da ƙarfi, abin da ya fito daga bakinta "kaa-ra-tuu" ne, da "r" ɗinsa sarai. Wasali ya biyo baya, harafin da ke cikin baka ya fito, kamar yadda Hornby ya nufa tun ranar da ba a saurare shi ba. Madam Ƙarama ta ce na farkon dai sun daidaita, na cikin "or" ne har yanzu ke maƙale mata a harshe, amma ta bar shi. Daga nan Salamatu da Ramatu suka raba "drama too" da "calmer too", Talatu ta sami "parlour too".

Ranar yaye aka kafa rumfuna a filin makaranta, motocin manyan baƙi, yawancinsu Peugeot 504 haɗin Kaduna, suka jeru a ƙarƙashin darbejiya. An gurza mujallar a injin Gestetner, tawada ta yi yawa a wasu shafuka, amma ana karantawa. Iyayenmu da yawa ba sa jin Turanci. Abin da suke jira shi ne su ji sunan 'yarsu a lasifika, in ɗango na biyu ya faɗo daidai a kansa sai guɗa ta tashi daga wajen mata, ko ba a san me aka ce ba. Yaya ta karanta tata kanta a ɗage, uwar mijinta na zaune a layi na biyu tana gyaɗa kai. Malam yana gefe da carbinsa, na ga ya murmusa a wurin Timbuktu.

Ta Saratu ce ta raba filin biyu. Waƙar cewa take Saratu ba ta son komai a duniya sai miji mai mota ɗaya ko biyu. Wakilin ma'aikatar ilimi da sauran masu jin Turanci suka fashe da dariya. A lokaci guda rumfar iyaye ta ɗauki "Madalla!" da "Allah ya yi albarka!", don su abin da suka ji shi ne Saratu, karatu. Mahaifinta, manomi ne daga wajen Gaya, ya taso ya ba mai karantawa naira ɗaya, ya ce ai tun tana ƙarama haka take, ba ta da magana sai ta littafi. Ba wanda ya yi masa fassara. Bayan shekara biyu ta auri wani malamin firamare abokin aikinta, mai keke Raleigh, kuma kamar yadda ta gaya mini da kanta, sai da suka aurar da 'yarsu ta fari kafin ya sayi babur.